Bencin Auta

Litinin, 3 ga Maris

Yau na yaye tamfol daga kan jirgin ruwanmu. Tun rasuwar Auta ban taɓa shi ba. Busasshen ganye ya cika cikinsa. Alminiyom ba ya tsatsa, sai dai ya yi fari-fari kamar leɓen mai zazzaɓi. Na wanke shi da soso da sabulu, ina yi ina hutawa.

Ƙanena ne, autan gidanmu, har ya yi furfura ba wanda ya daina ce masa Auta. Shi ne ƙaƙƙarfan, ni ne mai tari da kwalaben magani. Kowa ya ɗauka ni zan riga shi. Shi ma haka ya ɗauka. Yakan ce ranar da na tafi zai sauya wa jirgin fenti, wai koren nan nawa ciwon ido yake sa shi.

'Yata ta bugo waya. Za ta zo ƙarshen wata. Ta ce in ta ga jirgin ya fi ƙarfina ni kaɗai, a sayar da shi, in tattara in koma wurinta. Ɗakin da ta gyara mini a saman bene yake, tagarsa tana kallon bangon wani asibiti. 

Laraba, 5 ga Maris

Wasu masunta sun taya ni tura shi ruwa. Yanzu a can zai riƙa kwana, ɗaure a turke.

Injin ya wahalar da ni. Aikin Auta ne wannan: ya fizgi igiyar sau ɗaya, ya taka zuwa bencinsa na gaba, ni in riƙe hannun injin a baya. Na ja har kafaɗata ta yi tsami kafin ya tashi. Ina ƙara masa wuta goshin jirgin ya ɗaga sama kamar akuya ta miƙe cin ganye. Ba na ganin gabana ko kaɗan. Ashe nauyinsa ne ke danne shi duk shekarun nan. Na juyo a hankali, kunya ta ishe ni, ko da yake ba wanda ke kallo.

Asabar, 8 ga Maris

Buhun yashi. Na ɗora shi wayam a kan bencin gaba, na riƙa ɗebo yashi da kwano ina zubawa. A jikin jirgin akwai wani layi da ruwa ya bari, inda yake tsayawa in Auta na zaune. Na yi ta zubawa ina leƙawa har ruwa ya taɓa layin. Ban san ya kai haka nauyi ba.

Na ɗaure buhun da igiya. Don kada raɓa ta jiƙa shi na lulluɓe shi da tsohuwar rigar ruwan Auta. Ita ce a kusa, ba da wata manufa na yi ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban fita ba. Daga gaɓa na hango shi zaune, ya ba ni baya.

Talata, 11 ga Maris

Jirgin ya kwanta a kan ruwa daidai, kamar da.

Bari in rubuta wannan yadda ya faru. Ƙarar inji ba ta barin mu ji juna, don haka muna da alama. Auta ne mai karanta ruwa. In ya ga wurin da ya yi masa, sai ya bugi ƙafar bencin da dunduniyarsa sau biyu, bugun ya biyo ta cikin ƙarfen har tafin ƙafata, in kashe inji. Ni ban taɓa zaɓar wuri ba. Bayansa nake kallo, ƙafata tana saurare.

Yau, bayan na wuce tsibirin ciyawa, na ji shi. Biyu. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya kashe injin.

Na daɗe zaune. Rigar ruwan tana motsi kaɗan-kaɗan, iska ce. Da na rasa abin yi sai na jefa fatsa. Na kama manya guda uku.

Juma'a, 14 ga Maris

Na kai wa matar Auta kifi. Ta juya shi, ta dube ni.

"Yaya, wa ya nuna maka wuri? Kai da ko a kasuwa ba ka gane kifin jiya da na yau."

Na ce sa'a ce. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ta rabar da takalmansa duka, saura ɗaya mai yagaggen baki da ba wanda ya yarda ya karɓa. Ta fi ni ƙarfin hali. Saura ƙiris in gaya mata labarin bugun, sai jikarta ta shigo, na sha ruwa na tashi.

Litinin, 17 ga Maris

Jiya ma, yau ma, bugun ya zo. Ba wuri ɗaya ba.

Na yi makaranta. An koya mana ƙarfe yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, har na tuna malamin da zoben tagullarsa da ƙwallon da ya ƙi wucewa. Na san duk wannan. Amma yau da na ji bugun sai na ce, nan kuma? A fili na faɗa. Ban kama komai ba, na ce masa idonsa ya fara lalacewa.

Rabon da in yi wa wani tsiya tun Auta yana asibiti.

Laraba, 19 ga Maris



Na fita da hantsi, ina son in ƙetare zuwa ɗaya gaɓar. Ina tsakiyar tafkin iska ta taso daga gabas, ruwa ya fara marin goshin jirgin. Wurin nan ba wanda ke tsayawa, zurfi ne kawai, kuma ko yaro ya san ba a kashe inji ana cikin iska. Sai bugun ya zo. Na kashe.

Ina kashewa na gane abin da na yi. Jirgin ya juya ya ba igiyar ruwa gefensa. Na kama igiyar inji na ja, na ja, na ja. Daga zaune nake ja, a karkace, don in na miƙe a baya can zan kifar da mu. Injin ya yi tari ya yi shiru. Numfashina ya ƙare. Ruwa yana shigowa ta gefe, wani kuma yana tsattsafowa daga ƙarƙashin bencin gaba, ya gangaro har idon sawuna. Na ɗauki gwangwani ina kwasa.

Na kira shi. Na ce Auta zo ka ja mana. Yana zaune ya ba ni baya, rigar tana kaɗawa.

Auta ba zai taɓa tsayar da ni a wurin nan ba. Wannan tunanin ne ya fi ruwan sanyi.

Iska ce ta gaji don kanta. Ta tura ni cikin ciyayi can ƙasa, na kama su da hannu, daga baya na riƙa turawa da filafili ina bin gaɓa. Rana ta yi ja kafin in kai turke.

Alhamis, 20 ga Maris

A kwance. Haƙarƙarina kamar an taka. 'Yata ta ji muryata ta tambaya, na ce mura.

Asabar, 22 ga Maris

Na kira mai walda, wanda shagonsa ke bayan gidan mai. Shi ya taɓa toshe mana huji. Ya shiga jirgin, ya ture buhun gefe ba ko sallama, ya durƙusa. Ya danna bencin da tafin hannu. Ƙwas, ƙwas. Ya sake dannawa. Ƙwas, ƙwas.

Ƙafar bencin ce ta ɓalle daga inda aka kafe ta. In igiyar ruwa ta ɗaga buhun ta sauke, sai ta bugi cikin jirgin, ta dawo ta sake bugawa. Wurin har ya tsage, siririn tsagu kamar gashi, nan ruwan ke shigowa. Ya ce dama can ta gaji, wani ya daɗe yana harbinta. Na ce haka ne.

Ya ce ba zai iya kai wutar walda wurin ba sai an cire bencin. Kuma in an cire, shawararsa kada a mayar. A kafa mini kujera a tsakiya, a ƙara wa hannun injin tsawo da bututu, tankin mai ya koma goshi. Nauyina kaɗai zai daidaita jirgin. Kuma a tsakiya zan iya miƙewa in taka in ja igiya da dukkan jikina.

"Baba, jirgin mutum biyu ne kake tuƙawa kai ɗaya. Mu mayar da shi na mutum ɗaya, shi ke nan."

Na ce zan yi tunani. Ya ce in yi, amma kada in sake fita da wannan fasinjan, ba ya biyan kuɗin mota kuma ba ya kwasar ruwa. Wasa yake. Na yi masa dariyar da ta samu.

Lahadi, 23 ga Maris

In an gyara ƙafar aka mayar da bencin fa? Bugun dai ya tafi, ko ta wace hanya. Kuma igiyar tana nan ta fi ƙarfina daga baya.

In an bar shi yadda yake, sai ɗakin saman bene a gidan 'yata.

Litinin, 24 ga Maris

Na je na zauna a ciki, yana ɗaure. Na janye rigar na duba bencin sosai. Tsakiyarsa ya lotsa, ya yi sheƙi. Gefen dama duk zanen wuƙa ne, nan yake yanka tanar da muke sa wa fatsa. Akwai inda ya fara rubuta sunansa da ƙusa ya bari a rabi, ina jin kifi ne ya ja.

Na danna da hannuna. Sai da na sa ƙarfi sosai ya buga, sau ɗaya. Na biyun bai zo ba. Na jira.

Ban san me nake so ya ce ba. Da yana nan cewa zai yi, Yaya, kai da ka yi boko, buhu ne ya kusa kashe ka.

Laraba, 26 ga Maris

An yanke.

Ni na kwance buhun da kaina, na mayar da yashin gaɓa kwano-kwano. Ban bar mai walda ya taɓa ba. Da ya kunna injin yanka sai na tafi neman ruwan sha, na daɗe ban dawo ba. Ƙarar tana kaiwa har can.

Na tarar ya ɗinke tsagun, ya kafa kujera mai majingina, ya liƙa roba a inda zan taka. Aikinsa da kyau. Gaban jirgin ya zama fili, fari tas inda bencin ya rufe, koren fenti bai taɓa shiga wurin ba. Ya tambaya ko ya haɗa bencin da tarkacen shagonsa. Na ce a'a. Na rungumo shi zuwa gida, ba shi da nauyi ko kaɗan. Yana bayan ƙofa.

Asabar, 29 ga Maris

Ta zo. Tun kafin ta ajiye jaka na gane matar Auta ta gaya mata labarin ranar da iska ta rutsa da ni, masunta ba sa riƙe magana. Ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi. Ta sayo mini rigar kariya daga nutsewa mai launin ruwan lemo, ta ɗaura mini da kanta, ta ja maɗaurin kamar yadda nake ja mata na jakar makaranta.

Ta ce in fita inda za ta iya ganina. In ta ɗaga gyale in kashe, in ta sauke in tayar.

Ta ɗaga, na kashe. Ta sauke. Na miƙe, na taka robar, na kama da hannu biyu na kwanta baya. Bai tashi ba. Na sake. Ya tashi. Sau uku ta sa ni, muguwa, halin uwarta.

Da na dawo tana tsaye takalmanta cikin laka. Ta ce, "Baba, ba ka ƙetarewa. Kuma waya a aljihu kullum." Na ce to. Ta ce za mu sake magana in sanyi ya shigo. Na ce to.

A hanyar gida ta tambaya ina bencin Baffanta. Na ce yana nan.

Talata, 1 ga Afrilu

Ruwa lumui, ba iska.

Daga kujerar nan komai a buɗe yake. Ban san haka gaban jirgi ke tsaga ruwa ba, yana naɗe shi gefe biyu. Na wuce tsibirin ciyawa. Na wuce matattun itatuwa. Na wuce dutsen da tsuntsaye ke ɓatawa. Ƙafata a shimfiɗe kan ƙarfen, ba abin da ke zuwa sai rawar inji. Na yi ta tafiya ina bin gaɓa har na fara ganin gidajen da ban sani ba, na lura man ya yi ƙasa.

Akwai wata 'yar kwana da reshe ya sunkuyo kan ruwa, ƙananan kifaye suna tsalle a inuwarsa. Na zagaya na dawo na sake dubawa. Na kashe.

Ƙanana biyu kawai, ɗaya ma na mayar. Wurin dai ba laifi. Gobe zan zo da wuri, in gwada ta ɗaya gefen reshen.