Kwat ɗin Baba Dawud

Assalamu alaikum masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku dakata da zagina sai kun kai ƙarshe.

Ni tela ne a Zongon Kwatano. Watan jiya rediyo ya cika mana kunne da labarin wani taron ƙasashe na yaƙi da wariyar launin fata, wai wakilai sun kaure da cacar baki kan ko za a sa ƙin jinin Yahudawa cikin abin da za a yi tir da shi, har wasu suka fice. Sai delegen unguwarmu, wato mai unguwa, wanda jiya-jiya dillalin awaki ne, yau kuma ba a kiransa sai da "kamarad", wai shi ɗan gwagwarmaya, ya ce Zongo ma za ta yi maci. Ya shigo shagona yana hura hanci: "Kamarad tela, ka ɗinka mana mutum-mutumin Bayahude, ƙonawa za mu yi." Mutumin da ko sunan garin da aka yi taron bai iya faɗa ba!

Ni kuwa Bayahude ɗaya na taɓa gani, Baba Dawud, tsoho ɗan Maroko mai gyara mana keken ɗinki. Kwat ɗinsa na rataye a shagona, ya kawo in sake masa aljihu. In ce tsoro ne ya sa ni? Ƙarya ne, yabo nake nema. Na ɗinka mutum-mutumin, na cusa tsummoki, na yi masa sanƙo da tabarau na waya, na sa masa kwat ɗin. Ran macin ana ihun tir da wariya ana zuba kananzir, teloli 'yan'uwana, waɗanda ba don hannun tsohon nan ba da tuni sun rufe shago, su ne kan gaba suna shewa: "Wallahi Dawud ne sak!" Marasa kunya. Ni da na ɗinka fa, me sunana? Na hango Baba Dawud a bakin titi riƙe da jakar kayan aikinsa, yana kallo har wutar ta mutu.

Tun ranar ba wanda ya sake kiransa gyara, kowa na gudun a gan shi tare da shi. Jiya ya yi sallama a shagona.

"Ɗana, aljihun ya gyaru? Marigayiya matata ce ta ɗinka min kwat ɗin nan."

"Sai jibi, Baba," na ce, kaina a ƙasa.

Ya daɗe yana kallona. "To, jibi zan dawo."

Ya sani, na kuma san ya sani. Gobe zai dawo, jama'a. Me zan yi?