Ɗana Ya Ce Mini "Ke" A Bakin Marina

Malam mai filin shawara, a taimake ni, don abin nan ya daɗe yana cina, tun shekarar canjin kuɗi. Ni marini ne a cikin birnin Zariya, ban yi boko ba, maƙwabci ke rubuta mini.

Da baba, shunin gargajiya, muka saba rini. Da garin rini na gwangwani ya shigo, sai ga layuka a jikinsa, aka karanta mini: turmi biyu cokali shida, turmi huɗu sha biyu, turmi biyar sha biyar. To ni turmi bakwai aka kawo mini na ankon biki, kuma babu bakwai a jiki. Wanda ya rubuta bai san ana kawo bakwai ba ne? Na ce daga biyu zuwa shida huɗu aka ƙara, sai na ƙara wa bakwai huɗu, na zuba sha ɗaya. Shadda ta fito a koɗe kamar an shekara ana wanke ta.

Ba wannan ya fi ƙona mini rai ba. Ɗana Garba, mai koyar da lissafi a Wusasa, ya ɗauki gwangwanin ya duba, ya ce wai sai na fara nemo ke. Ke! Ni da gemuna, a gaban marina, har abokin aikina Dogara yana dariya. Tun ranar, in ya gaishe ni kai kawai nake ɗagawa. Uwarsa ta ce ba haka yake nufi ba, to me yake nufi? Yanzu an sake kawo turmi bakwai na wani anko, bikin ya matso, kuma ba zan tambaye shi ba. Cokali nawa ne? Kuma wace ce ke ɗin nan? A ba ni amsa, na gaji da jira.

Dattijon Marina

Amsa: Baba, Allah ya huci zuciyarka. Garba bai mayar da kai mace ba. Raba cokali shida ga turmi biyu, kowane ya sami uku. Raba sha biyu ga huɗu, uku ne. Sha biyar ga biyar, uku dai. Wannan rabon turmi ɗaya da ba ya canzawa shi 'yan lissafi ke rubutawa da harafin k, kuma a Turanci sunan harafin "ke". Ƙarin huɗun nan a layin farko kaɗai ya yi daidai, gwada shi a na biyu ka gani. Turmi bakwai, uku-uku, cokali ashirin da ɗaya za ka zuba.

Garba ya yi kuskure da ya yi wa mahaifinsa maganar aji a gaban mutane, ranar da aiki ya ɓaci. Amma kai ma, Baba, tambaya ɗaya da ta kashe maganar a ranar. Ka aika ya zo ya riƙe maka cokali. In ya gaishe ka, ka amsa da baki. Allah ya sa shaddar ta kama, ya shirya tsakaninku.