Lemon Tsami Huɗu a Ƙarƙashin Taya

Madurai, watan Adi

Zuwa ga yayata Thavamani,

Akka, ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga wadda ta goye shi. Yaya ƙafar mahaifiyarmu Amma, har yanzu tana kumbura? Yaya maigidanki Machan Pechimuthu, sarkin shiru, da 'yar lelena Ponni? Ni lafiyata ƙalau, sai dai ruwan birnin nan da ke ɗanɗanon ƙarfe.

Ki daina gaya wa matan layinmu wai aikin banki nake yi. Ƙwace motoci nake yi, kuma ba na jin kunya. Duk wanda ya ɗauki mota a kamfaninmu da alkawarin biya wata-wata, in aka daina jin ɗuriyarsa, mu ake turawa. Irulandi na garinmu da muke kira Anne, wato babban yaya, wanda Amma ta riƙa zuba wa shinkafa shekarar da uwarsa ta rasu, shi ne shugabanmu, shi kuma ya tsaya mini aka ɗauke ni. Yanzu ya yi tumbi da agogon gwal, amma da ya gan ni rungume ni ya yi a gaban kowa.

Albashi babu, Akka. Abin da ka kawo shi ake biyanka: babur rupi ɗari uku, babbar mota dubu biyu, in ba ka kawo komai ba ka sha iska. Rabin aikin zaman teburin mai shayi ne, kana hira da direbobi kamar ba ruwanka har wani ya yi suɓul da baka. Sauran rabin zagi ne. Jiya wata tsohuwa ta bi ni da tsintsiya tana cewa, "Ɗan iska, da uwarka ka sayi babur ɗin?" Amma Anne ya ce in na riƙe aikin da kyau shi zai nema mini kujerar mai kula da filin ajiye motocin, mai albashin wata da rigar kamfani. Kada ki ɗauka mu marasa imani ne. Sana'ar tana da dokokinta da ba a rubuta ba: ba a ƙwace mota da mara lafiya a ciki, ba a ƙwacewa a ƙofar gidan makoki, ba a kuma ƙwacewa ranar Ayuda Puja, ranar da kowa ke yi wa kayan sana'arsa addu'a.

Kin san abin da ya kawo ni nan. A watan Tai za a huda wa Ponni kunne, kuma a cinyar kawunta za ta zauna. Ba zan zauna a gaban dangin mijinki hannu biyu ba. Har na fara ajiya wajen maƙerin zinariya saboda 'yan kunnenta.

Na san a-kori-kurar Machan ta kamfaninmu ce, na kuma san fari ya hana shi samun lodin albasa balle ya biya. Ki ce masa ya bar ta inda ya ɓoye ta har amfanin gona ya zo. Bakina gum.

Ki shafa mini kan Ponni. Murugan da muke bauta wa ya tsare ku.

Ƙaninki,
Sevugan

Madurai, watan Purattasi

Akka Thavamani,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Amma da Machan. Na ji Ponni ta yi zazzaɓi, da fatan ta warware. Yajin da kika aiko ya iso, abokan ɗakina sun fi ni cin sa.

Albishirinki. Shekaranjiya Anne ya ja ni gefe ya ce, "Kai Sevugan, ni za ka yi wa rufa-rufa? Maganar motar mijin yayarka tana hannuna tun bara, ni nake danne ta." Ban gaya masa inda take ba, shi ma bai tambaya ba. Sai cewa ya yi, "Tsakani da gaskiya, Pechimuthu zai bar abin da ke ciyar da iyalinsa a rami ranar Puja, ba wanka ba fure? Ai shi ya sa ba ta kawo masa komai. Ku ce masa ya fito da ita. Ni da kaina zan zo in ci abincin Thavamani, mu zauna a ƙara masa lokaci har bayan girbi."

Na san Machan, zai ce daɗin baki ne. Ki gaya masa a gabana Anne ya kunna kafur a wurin bautar da ke bakin ofishinmu, ya kashe wutar da tafin hannunsa, ya rantse ba wani yaronsa da zai taɓa motar nan. Mutumin da ya ci gishirin gidanmu ne, Akka. In Machan bai yarda da shi ba, ya yarda da ni.

Ki tanadi ganyen ayaba masu faɗi da farar kabewa. Furanni da lemon tsami ni zan kawo daga nan. Anne yana son miyar tsamiya da zafi, kin tuna.

Sai mun iso.

Ƙaninki mai ɗoki,
Sevugan

Madurai, watan Aippasi

Akka,

Ina gaishe ki, ko da ba za ki amsa ba. Yaya Amma? An ce tun ranar ba ta fita ƙofar gida. Yaya Ponni? Ban iya tambayar Machan ba, amma ina gaishe shi.

Ke kina madafa kina kwashe shinkafa, ba ki ga yadda aka yi ba, sai ihu kika ji. Da na shigo zan yi miki bayani kika juya mini baya. To ki karanta, in ya so ki sa takardar a murhu.

Kin ga yadda Machan ya wanke motar nan da hannunsa har ƙarƙashi, ya ɗiga mata ƙullin icen sandal mai ƙamshi da jan gari a goshi, muka ɗaura mata ganyen ayaba da furanni, Ponni tana raba gugurun shinkafa. Anne ya ci abincinki har ya nemi ƙari. Shi ya fasa kabewar a bakin titi. Da aka jera lemon tsami ƙarƙashin tayoyi huɗu, aka ɗauko makulli daga gaban abin bauta, Machan ya nufi ƙofar direba zai taka su kamar yadda yake yi kowace shekara. Ni na riƙe hannunsa. Ni na ce masa a kunne, "Machan, ba babban baƙo girmansa mana." Ya dube ni, ya dubi Anne, ya miƙa makullin da hannu biyu.

Anne ya shiga yana dariya, ya tayar, ya taka lemon, duka huɗun suka fashe, yara suka yi tafi. Muna jira ya ja birki. Sai ya ƙara giya. Wallahi har ya sha kwanar makaranta ina murmushi, ina cewa zagaye haikali zai yi ya dawo. Machan ne ya fara ganewa. Bai yi gudu ba, bai yi zagi ba, zama kawai ya yi a ƙasa inda motar ta tashi. Sai ƙanensa ya nuna ni ya ce, "Ga ɗan kamasho nan, ku tambaye shi nawa aka saye shi."

Washegari na sami Anne a ofis yana shan shayi. Na ce, "Anne, rantsuwar fa?" Ya ce, "Wane yaro nawa ka ga ya taɓa ta? Mai ita ne ya ba ni makulli a gaban shaidu, ba ƙwace ba ne." Na ce ranar Puja ce. Ya ce, "Kai yaro ne. Ranar nan kaɗai ce duk motar da aka ɓoye take fitowa da kanta, a wanke. Dokar nan ku muke koya wa don ku kai ta ƙauyukanku." Akka, ashe abin da ya sa ya ɗauke ni aiki ke nan. Motar Machan ce ta fi daɗewa tana gagarar sa, kuma da ita aka ƙara masa girma, yanzu gundumomi biyu ne a ƙarƙashinsa. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi ba, kuma har yanzu in zan kira shi bakina Anne yake cewa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ya turo mini dubu biyun ladan motar, ya ce da sunana aka shigar da ita. Na bar su a kan teburinsa. Amma ya cika alkawarinsa guda: ya ba ni kujerar filin ajiya, da albashin da rigar. Na karɓa, kuma na san yadda za a fassara shi a gari. Ki sani, motar da ta shiga filin nan ba mai tsaya mata, kafin gwanjo an zare batir, an sauya tayoyi, mai ita ko ya zo fansa gawa zai tarar. Ta Machan tana gaban rumfata, na rufe ta da tamfol. Furannin sun bushe a jikinta ban cire ba, ɓawon lemon yana nan maƙale a tayar baya. Ba wanda zai kwance mata ko ƙusa ina numfashi. An sa gwanjo farkon watan Tai. Duk abin da rigar nan ta kawo mini, na Machan ne, ya zo ya fanshi motarsa, ko ya aiko wani in ba ya son ganin fuskata.

'Yan kunnen suna aljihuna. Na karɓo su tun kafin Puja, na so in nuna miki bayan an ci abinci. Kwandastan motar garinmu ya ce mini Machan ya ce kada in taka haikali ranar hudar kunne, wai za a nemo wani daga dangin Amma. Ba zan yi jayayya da shi ba, ni na riƙe masa hannu. Amma ke nake tambaya, Akka, ba shi ba. Ponni tsoron allura take yi, ko ƙaya ta taka ni take kira. Ki rubuto mini layi ɗaya kawai: ranar nan, a cinyar wa za ta zauna?

Murugan ya tsare ku duka.

Ƙaninki, in har yanzu kina da ƙani,
Sevugan