Katafila a Kurmin Tambaya

Ƙungiyar Masu Raya Kurmin Tambaya,
Gidan Tambaya, ta hanyar Bunkure,
Jihar Kano.
Litinin, 20 ga Agusta, 2007 (7 ga Sha'aban, 1428).

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'i,
Shirin Inuwar Karkara,
Ofishin Shiyya, Kura.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TUMƁUKE ITATUWAN KURMIN TAMBAYA DA SUNAN DASHEN ITATUWA, DA ROƘON A TSAYAR DA AIKIN RANAR 27 GA AGUSTA

Bayan gaisuwa ta ban girma, ni Lukmanu Abdulsamad, sakataren wannan ƙungiya, nake rubuto wannan takarda a madadin shugabanmu, Malam Jaji Hambali, dattijo mai shekara saba'in da ɗaya. Shi da ajami yake rubutu, an kuwa shaida masa a ofishinka cewa ba a karɓar ajami. Magana tasa ce, alƙalami ne kawai nawa, na kuma rage mata zafi iyakar inda ya yarda.

1. Kurmin Tambaya tsohon daji ne da ke tsakanin ƙauyenmu da babbar hanyar ruwan noman rani. Malam Jaji ya san shi tun yana cike da ɗorawa, tsamiya, kanya, ɗinya, gawo da marke, lokacin da mutum kan shiga da hantsi ya ga duhu kamar na magariba. Ya ce a rubuta a fili cewa ba baƙo ne ya cinye kurmin ba, mu ne. Da ruwan noman rani ya zo kowa ya so ƙarin filin tumatir da albasa, masu turara shinkafa kuma ba sa ƙoshi da itace. Shi kansa da gatarinsa ya kayar da manyan itatuwa goma sha ɗaya, yana kuma iya nuna gurbin kowace. Zuwa shekarar 2000 tsofaffin itatuwa bakwai ne suka rage a tsaye, sauran wurin duk ya koma ƙaya. Abin bai bar shi ya zauna lafiya ba, shi ya sa ya tara mu a daminar 2001, da sanin Mai Unguwa da Dagaci.

2. Tun da jami'inka, Malam Muhammadu Sani, bai ga dacewar ya tambayi yadda muke shuka ba, ga shi a rubuce ko Allah zai sa ya karanta. Mu ba ma dashe a layi. Duk abin da aka dasa a sarari a wurin nan, awaki sun gama da shi kafin sati, abin da suka bari shanun da ke shigowa kiwo bayan girbin shinkafa su tattake. Don haka a gindin ƙaya muke shukawa. Mutum ya durƙusa, ya zura hannu cikin magarya ko sarƙaƙiya, ya haƙa rami, ya binne iri, ƙayar ta zama shinge har itacen ya fi ƙarfin bakin akuya. Irin gawo kuwa ba ya tsira da kyau sai ya bi ta cikin dabba. Muna tara 'ya'yansa mu kai rugar Ardo Sada, shanunsa su ci, bayan kwana uku mu kwaso kashin mu binne. Da rani matan ƙauye ƙarƙashin Malama Baraka ke ɗauko ruwa a ka daga hanyar ruwa su ba shuke-shuken. Kowace ƙaya mai shuka a ciki muna ɗaura mata kaba, don mai wucewa ya sani. Shekara shida muna wannan aiki, hannun Malam Jaji duk zanen ƙaya ne tun daga yatsu har gwiwar hannu.

3. Ranar Alhamis, 2 ga Agusta, 2007, da misalin ƙarfe tara na safe, Malam Muhammadu Sani ya iso da katafila, babu takarda, babu sallama ga Mai Unguwa. Malam Jaji yana gonarsa ya ji ƙara, ya taho da gudu irin na tsoho, ya tarar an fara ture ɓangaren gabas. Ya tsaya a jikin motar jami'in, ya nuna masa kaba, ya roƙe shi ya sauko ya leƙa gindin ƙaya ɗaya tak. Jami'in bai sauko ba. Gilashi kawai ya sauke rabi, ya ce wurin maɓoyar macizai ne, kuma an turo shi ya share shi don a dasa itatuwa. Kafin azahar an kankare gabas ƙaf, an tara ƙaya da tsiro wuri guda an sa wuta. Itatuwa ɗari shida da arba'in suka tafi a wannan safiya, wasu sun kai ƙirjin mutum. Mun ƙirga su ne ta wurin lissafin kabar da muka ɗaura tun farko, ba ƙiyasi muka yi ba.

4. Ranar Asabar, 4 ga Agusta, aka kafa rumfuna a kan tokar, aka kawo kujeru da lasifika, aka yi bikin dashe. An dasa itacen turare a layi tsaf, an ɗauki hoto, an tafa. Har aka aiko wa Malam Jaji kujera a sahun gaba a matsayin wakilin al'umma, wai ya yi godiya. Bai je ba, kuma ya ce a rubuta cewa ba rashin lafiya ce ta hana shi ba. Muna sanar da kai cikin ladabi cewa da yawa daga dashen an binne su da ledarsu, gara kuma ta shiga sauran. Jiya mun ƙirga masu rai, ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ko da duk sun rayu, turare ba ya ba da kalwa, ba ya ba da tsamiyar kunu, dabba ba ta cin ganyensa, sai shan ruwan ƙasa.

5. Ranar Talata, 7 ga Agusta, Malam Jaji ya hau acaɓa ya zo ofishinka, aka ce ka tafi taro. Ranar 14 ya sake zuwa, ya zauna a benci tun safe har la'asar, daga ƙarshe Malam Muhammadu Sani ne ya fito. A gaban masinja da direbobi ya gaya wa dattijon nan cewa abin da ba a dasa a layi ba, ba dashe ba ne, kuma shi ba kashin shanu ya karanta a makaranta ba. Aka yi dariya. Malam Jaji ya haifi wanda ya girmi wannan jami'i. Ya dawo gida bai ci abinci ba, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin ya ji kunya irin ta ranar ba.

6. A wannan zaman ne jami'in ya sanar da shi cewa katafila za ta dawo ranar Litinin, 27 ga Agusta, don share ɓangaren yamma. A can ne sauran itatuwanmu ɗari takwas suke, a can ne kuma tsofaffin nan bakwai suke, waɗanda daga gare su muke samun iri. An riga an shafa musu fentin alamar sarewa, wai inuwarsu za ta ɓata layi. In suka faɗi, irin kurmin ya ƙare ke nan.

Saboda haka, cikin girmamawa, muna roƙon: a tsayar da aikin ranar 27 a rubuce, a janye Malam Muhammadu Sani daga yankinmu, a bar mana ɓangaren gabas ƙaya ta sake tsirowa, mu koma daga farko, kuma ka zo da kanka ka durƙusa a gindin ƙaya ɗaya ka duba. Ba ma neman dashe daga ofishinka, ba ma neman rumfa ko lasifika.

Za ka tarar da ƙunshi tare da wannan takarda. Saiwar tsamiya ce da Malam Jaji ya zaro daga cikin toka, ta farko da ya shuka a gurbin ta farko da ya sare. Samanta bai wuce ƙugu ba, amma ka auna saiwar, ta fi tsawon teburinka. Ya ce in gaya maka ba shi da wata shekara shida da zai yi alkawari da ita. Ranar 27, in Allah ya kai mu, zai shimfiɗa buzunsa a gindin babbar ɗorawar yamma tun da safe, kuma ba zai tashi ba. Ya ce a sanar da direban katafila tun yanzu, kada daga baya ya ce shi ma ya ɗauka ƙaya ce.

Allah ya ƙara maka girma da adalci. Muna jiran amsarka kafin wannan rana.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Lukmanu Abdulsamad,
Sakatare,
a madadin Malam Jaji Hambali, wanda ya sa hannu a ƙasa da ajami.

Kwafi zuwa ga: Dagaci, Mai Unguwar Gidan Tambaya, Ardo Sada.