Na Lalata Kwamfutar Aminiyata, Kuma Na Ce Mata Lafiya Lau

Malam Kudu, don Allah ka taimake ni. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana, ko mamata ban iya faɗa mata ba. Ka yi haƙuri idan wasiƙar ta yi tsawo, hankalina ba a kwance yake ba.

Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe, ina karanta zanen gine-gine a jami'ar fasaha da ke Gidan Kwano. Iyayena 'yan Kudancin Kaduna ne, amma a nan Minna aka haife ni. Ina da aminiya, bari in kira ta Khairat, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Ɗakinmu ɗaya tun aji ɗaya. Ita Musulma ce, ni Kirista, amma har mamata ta san irin miyar da take so. Da na yi taifot a aji biyu, ita ta yi jinyata, ita ta riƙa kwafar mini darasi.

Watan jiya kwamfutata ta faɗi wajen rububin shiga bas, ta mutu. Ana cikin haka aka kwantar da mahaifiyar Khairat, dole ta tafi gida Zungeru. Ta bar mini tata laftof ɗin in ƙarasa aikina na gama makaranta. Tsohuwar kwamfuta ce, ta fi shekara goma, ta marigayi babanta ce, da ita yake aikin awon filaye. Nata aikin ma yana ciki, zanen wani ƙaramin asibitin ƙauye da ta shafe wata takwas tana yi. Ga hotunan baban da taswirorinsa.

Abu ɗaya ta roƙe ni da za ta tafi. Ta ce idan kwamfutar ta nemi ta sabunta kanta, kada in yarda. Ta yi mini bayani cewa katin hoto biyu ne a cikinta, ƙarami na aikin yau da kullum, da babba na zane mai nauyi, kuma ita da kanta take sauyawa tsakaninsu. Ta ce babanta ya sha wahala kafin ya daidaita su. Na ce na ji.

Ranar Talatar da ta wuce ina fitar da hotunan zanena, kwamfutar tana ta jan ƙafa. Saƙon sabuntawa ya fito. Wani ɗan ajinmu ya ce in na danna za ta ƙara sauri. Malam, ba zan ɗora masa laifi ba, da yatsana na danna, kuma ina sane da maganarta. Ta yi wajen awa biyu tana juyawa, ta kashe kanta, ta kunna. Daga nan sai baƙin allo, ba komai sai 'yar kibiyar nan da ake nuni da ita. Wani lokaci takan buɗe, amma komai ya yi ƙato-ƙato, hasken ba ya raguwa, fankar ciki tana ƙugi, ina buɗe manhajar zane sai ta rufe kanta.

Na kai wa wani mai gyara a Tudun Wada, Malam Mudi. Ya ce direba ce, wato ƙaramar manhajar da ke tafiyar da katin. Ya sauko da sabuwa fil ya saka wa babban katin. Abin ya ƙara lalacewa, yanzu har shuɗin allo take nunawa. Ya ce a goge komai kawai a sake zuba manhajojin daga farko. Na ɗauke ta na tafi wurin wani Ezekiel kusa da kasuwa. Shi kuma ya ce katin ne ya ƙone, zai buɗe ya gasa shi da iska mai zafi, wai ko ta tashi ko ta mutu gaba ɗaya. Na ce ya bari tukuna. Na rungumo ta na dawo. Na kalli bidiyon gyara har datata ta ƙare, kowa da abin da yake faɗa, ban ma gane rabin kalmomin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, Khairat ta kira ni ranar Alhamis, muryarta duk a gajiye, ta tambayi kwamfutar, na ce lafiya lau. Jiya ta ce in tura wa malamin da ke duba aikinta wani zane daga ciki. Na ce mata sabis ne babu. Sai ta ce kada in damu, Allah ya saka mini da alheri. Da na ajiye wayar na zauna a bakin gado na yi ta kuka.

Saura kwana goma sha biyu mu kare aikinmu gaban malamai. Ban sani ba ko ta ajiye nata a wani wuri, kuma in na tambaya za ta gane. A coci ranar Lahadi ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. Nawa aikin ma yana ciki, amma wallahi ko tuna shi ba na yi. In bari a goge? In bari a gasa? In gaya mata alhali mahaifiyarta tana kwance? Ni dai na rasa inda zan sa kaina.

Mai neman mafita,
Bosso, Minna.

Amsar Malam Kudu

'Yata, na riga na tura miki wannan amsa ta imel ranar da wasiƙarki ta iso, domin akwai abin da ba ya jira. Na buga ta a nan ne don masu irin wannan tsohuwar kwamfuta.

Ki kwantar da hankali. Baƙin allo ba ya nufin aikin ya ɓace. Fayilolin suna kan faifan ajiya, kuma ba abin da ya taɓa su. Kada ki yarda a goge, kada ki yarda a gasa. Kwamfutar da take aiki lafiya har zuwa lokacin da kika danna, alama mai ƙarfi ce matsalar manhaja ce. Malam Mudi ya gane ciwon, maganin ne bai dace ba. Irin waɗannan kwamfutoci masu kati biyu suna son direbobin da kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya haɗa musu tare, ko da tsofaffi ne. Aka canja wa ɗaya aka bar ɗaya, sai su daina fahimtar juna.

Ki nemi mai gyara mai haƙuri, ki zauna kusa da shi. Kafin komai ya kwafe duk abin da ke ciki zuwa wani faifai na waje, ko da sai ya ciro faifan ya jona a wata kwamfutar. Ki buɗe aikin Khairat a can ki gani da idonki. Bayan haka ya kunna ta a yanayin gyara, wanda suke kira sef mod, ya duba ko za a iya mayar da ita yadda take kafin sabuntawar. Yawanci kwana goma wannan dama take yi, ke kuma kin ci fiye da rabi, don haka gobe da safe za ki je. Idan hakan bai yiwu ba, ya duba lambar kwamfutar a ƙasanta, ya sauko da direbobinta daga shafin kamfanin, ya kashe intanet, ya cire na katunan biyu duka. Ya fara saka na ƙaramin, ya sake kunnawa, sannan na babban. Daga ƙarshe ya hana ta sabunta direba da kanta. In duk ya ƙi, wasu samfurin suna bari a kashe babban katin a saitin farko da ake kira bayos. Za ta yi nauyi wajen zane, amma za ta buɗe. Ba zan yi miki alkawarin za ta dawo daidai ba, tsohuwa ce. Aikin dai ana iya kare shi da kwamfutar aro.

Sai maganar Khairat. Na fahimci dalilinki, ba kya so ki ƙara mata nauyi tana jinya. Amma ki duba ta ɓangarenta. Tana can tana zaton malaminta zai samu zanenta, tana lissafin kwanakin da ba ta san sun ragu ba. Dannawar kuskure ne, kowa yana iya yi. Abin da zai fi yi mata ciwo shi ne amsar da kika ba ta sau biyu, kuma kullum yana ƙara girma. Da zarar kin kwafe fayilolin, ki kira ta. Ki fara tambayar jikin mama, ki gaya mata aikinta da hotunan babanta suna nan a ajiye, sannan ki faɗi abin da kika yi, har da ƙaryar, ba tare da kawo sunan ɗan ajinku ba. Ki tura zanen ga malamin a ranar. Ki tambaye ta ko babanta ya ajiye tsofaffin direbobin a wani wuri, mutum mai kula irinsa yakan yi haka.

Wataƙila ta yi fushi, ta yi kwanaki ba ta sake miki fuska ba. Haƙƙinta ne, kada ki matsa mata ta yafe da wuri. Ke ma ki koma kan naki aikin, kuma ki gaya wa mamarki, kin ɗauki abin nan ke kaɗai ya isa haka.

Allah ya ba mahaifiyar Khairat lafiya, ya sa ku biyun ku kare aikinku cikin nasara.

Malam Kudu