Kujerar Dama da Ƙyauren Abbu

Karachi

Zuwa ga yayata, Baji Shagufta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara, da mahaifinmu Abbu da tukunyar alawarsa. Ga shi na rubuto kamar yadda kika shar'anta, tunda kin ce kin daina ɗaukar wayata wai ina fasa miki kunne.

Kin san inda aka tsaya. Na sami lasisin tuƙin jirgi, amma kamfanoni sun ce sai na tara awanni a sama. Makarantar koyon tuƙin jirgi ta can gida Multan ta ce za ta ɗauke ni malami in na kawo shaidar koyarwa. Abbu kuwa ya rantse, in Babbar Sallah ta zo ban da aiki, zai miƙa mini muciya in shiga shago tuƙa alawar sohan. Baji, ni da na tuƙa jirgi!

Kwas biyu ne a gabana. Akwai na wata uku, wanda zai kai ni bayan Sallah. Akwai na gaggawa, sati uku, wajen wani tsoho, Kyaftin Lodhi. Na gaggawar nake so. Tuƙi dai na iya, me ya rage? A faɗa wa mutum ya yi kaza ya yi kaza. Me kika gani?

Ƙaninki,
Faraz

Multan

Faraz,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Abbu har ya sa an ɗinka maka rigar shago.

Ka tambayi abin da na gani, alhali ka riga ka yanke shawara, na san ka. Duk da haka zan faɗa: ɗauki na wata ukun, ni zan roƙi Abbu ya ɗaga maka ƙafa. Ba na shakkar tuƙinka. Koyarwarka ce abin tsoro, kuma duk duniya ni kaɗai na ɗanɗana ta.

Ko ka manta ranar da ka ce za ka koya mini mota? Ban gama neman kuloci ba ka ce, "Baji, ke ƙafarki ta katako ce?" Ka fizge sitiyarin, na taka totur don firgita, muka rungumi ƙyauren gida. Ka fito kana ihu har mai sayar da mangwaro ya tsallako titi ya ba ka haƙuri. A ɗaki na yi kuka ranar, kai ba ka ma sani ba. Ƙyauren na nan a lanƙwashe, Abbu ya ƙi canza shi.

A ƙasa ke nan, inda akwai wurin fita. Ɗan mutane da za a ba ka a sama, ina zai fita?

Yayarka,
Shagufta

Karachi

Baji,

Assalamu alaikum. Don Allah kada ki karanta wa Abbu wannan.

Na shiga na gaggawar, kuma na shiga uku. Da farko an mayar da ni kujerar dama, kujerar malami, hannun da ya saba da abu kaza sai ya tarar da wani. Wannan na saba cikin kwana biyu. Bala'in shi ne Kyaftin Lodhi. Ashe ka'idar kwas ɗin, shi zai zauna a hagu ya zama ɗalibi, ni in koya masa. Mutum mai furfura, ya fi shekara talatin a sama, da mun rufe ƙofa sai ya saki baki ya ce, "Malam, wannan agogon na mene ne? Jiya ma na tambaya, amma na manta."

In ce dama, ya yi hagu. In ce ɗaga hancin jirgi kaɗan, ya ɗaga shi kamar zai gaisa da mala'iku. Dokar ita ce in yi ta bayani a hankali, in ya zama dole in karɓa sai in ce "jirgi na hannuna", shi ya saki. Jiya wajen sauka ya nufi ciyawa yana murmushi. Ban ce komai na hannuna ba, fizgewa na yi, na ce, "Kai wane irin jaki ne?"

Da muka sauka ya cire tabarau ya ce, "Tuƙinka ya yi kyau, ɗana. Amma ɗalibinka ya tafi gida, ba zai dawo ba." Ya ba ni hutun sati ɗaya kafin jarrabawa. In na sake, ba zai sa hannu ba. Tsoro nake ji, Baji, har ƙamshin man shanun shago nake ji a hancina.

Naki,
Faraz

Multan

Faraz,

Wa alaikumus salam. Ban karanta wa Abbu ba, maigidana kawai na karanta wa, sai da shayi ya sarƙe shi.

Hau jirgin ƙasa ka taho. Motar Abbu na nan, ni ma ina nan, ƙafata ta katako tana nan. Sati ɗaya za ka koya mini. Duk ranar da ka ɗaga murya, a buhun sukarin shago za ka kwana.

Shagufta

Karachi

Baji, yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Na ci! Kyaftin ya sa hannu, mai jarrabawa ma ya sa. Ki gaya wa Abbu ya ba wani rigar.

Mai jarrabawar ya fi Kyaftin iya wauta. Ya yi hagu da na ce dama, ya tambaye ni ko gajimare na da tauri. Amma Baji, ina shi ina ke? Mutumin da ya yi sati a gefenki, kika kashe mota sau ba adadi a tsakiyar kasuwa, kika kunna abin share gilashi duk lokacin da za ki yi kwana, kika bi bayan keken jaki har bakin kogi wai kina jin kunyar wuce dattijo, me wani zai nuna masa? Ranar ƙarshe da kika sa ribas kika sake rungumar ƙyauren, kin tuna abin da na ce? "Ba komai, Baji, taka birki. Mu sake." Ni kaina sai da na waiga in ga wa ya yi maganar.

Haka na yi da shi. Ya nufi ciyawa, na bar shi ya ga kuskurensa, sannan na ce, "Jirgi na hannuna," a hankali kamar ina miƙa masa shayi.

Abu ɗaya ke damuna. Sati guda cur, ban iya koya miki komai ba. Ki yafe mini na wancan karon, kuma in na dawo Sallah za mu ci gaba, ko shekara zai ɗauka. Kada ki karaya, wasu haka Allah ya yi su.

Ƙaninki,
Malam Faraz

Multan

Malam Faraz,

Wa alaikumus salam. Barka, Abbu ya raba alawa har layi na uku, ya kuma shiga ɗaki ya share hawaye.

Kada ka wahalar da kanka. Shekara huɗu ke nan ina tuƙi, maƙwabciyata ta koya mini, ni ke kai yara makaranta kullum. Duk gida an sani, kai ne ba ka taɓa tambaya ba. In Kyaftin ɗinka na neman mataimakiya, ka ba shi adireshina.

Ƙyauren kuwa da gangan ne, na gaji da ganinsa. Abbu ya sa sabo.

Ka sanar da ni jirgin da za ka hau, ni zan ɗauko ka a tasha. Kujerar gefe taka ce, ka zauna ka yi shiru.

Yayarka mai ƙafar katako,
Shagufta