Ga Kailani, Wanda Tanis Ya Riƙe a Ikko

Zuwa ga sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan sabuwar randa, Malam Kailani. Gaisuwa daga Tudun Wada, mai ɗaci kamar maɗaci.

Damina uku ke nan da jirgin ƙasa ya ɗauke ka, kai da ka ce mini, "Kafin gero ya nuna na dawo." Gero ya nuna, an yanke, an ci, an sake shukawa. Ni kaɗai ce ban ga kaka ba.

Ka tuna ranar da na kai maka fura filin tanis na Turawa, kana zana layi da farar ƙasa? Ranar ce tsohon Ba'amurken nan mai sayen fata ya miƙa maka abin dukan ƙwallonsa mai kama da rariya. Na tsaya bayan shinge ina dariya, ban san ɓarawona nake yi wa dariya ba. Kafin shekara ka cinye duk Turawan bariki. Suka tafa maka, amma ta ƙofar baya aka ba ka ruwa.

Da bakinka ka ba ni labarin tsohon. Sau biyu yana zama gwarzon ƙasarsu tun yana saurayi, ga kofunan azurfa, ga sunansa a jarida. Ya bar yarinyar da ke jiransa saboda yawon gasa. Da kafaɗarsa ta lalace, masu tafi suka koma ga wani. Jiya Malam Labaran, akawun tasha, ya dawo daga Ikko, ya ce wa Baba tsohon ya rasu a can, mutum huɗu suka raka gawarsa, kai ne na huɗu. Ka ga ƙarshen nan da idonka, amma ba ka nemi hanyar gida ba?

Me ƙwallon nan take ba ka, farin watana? Kana dukanta tana dawowa, shi ne ka ɗauka kowa haka yake? Sa'o'ina duk sun yi goyo. Inna ta daina ambaton sunanka, ni kuwa shi nake sawa a addu'a kafin nawa.

Ka dawo, ko da hannu wofi. Idan ka ƙi, ba zan kula wani ba. Ba don ka cancanta ba, sai don zuciyar ta ƙi jin magana.

Taka har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Zinariya